Yunwar Tanki na Uku

Ranar da Tjarko Huizing ya fara ganin Geeske Boelens, tana kan tsani ne, ta cusa kai a bakin tanki na uku tana shinshina ruwan ciki. Ana yayyafi. Shi kuma daga sashen tace ruwan datti na masana'antar sitaci aka turo shi, inda ya shekara tara, aka ce ya je rumfar baya ya taimaki mai bincike.

"Kai ne mai famfon?" ta tambaya, ba ta ko waiwayo ba.

Ya ce shi ne.

"To doka ɗaya ce a nan. Kada ka ji tausayinsu."

Sai da ta sauko ya ga fuskarta. Idanunta sun faɗa, gashinta a ɗaure da robar ƙulle takardu. Ta yi masa bayani a tsaye, da muryar wadda ta gaji da maimaita abu ɗaya. Bakteriya ne a tankin. Ruwan wankin dankali take ba su sau biyu a rana, shida na safe da shida na yamma. Awa ɗaya suna ci, awa sha ɗaya suna zaune da yunwa. Waɗanda suka iya ɓoye abinci a cikinsu su ke rayuwa, sauran su mutu. Abin da suke ɓoyewar roba ce, irin wadda in an yar da ita a ƙasa take ruɓewa. Shekara biyu ta yi tana tace su a haka. Zafi digiri talatin, iska ba yankewa, naitirojin kuwa, takin da ke sa su hayayyafa, ɗan kaɗan ne kuma a lokacinsa.

Tjarko ya ce a sashensu in ƙwayoyi suka rame, ofis ake kiran mutum.

"Nan in suka ƙoshi ba sa aiki," ta ce.

Tun daga ranar ya sa mata Uwar Yunwa. Ita kuma ba ta ƙara kiransa da sunansa ba, sai Mai Famfo.

Ba su yi wata doguwar soyayyar baki ba. Mutanen yankin nan ba su iya ta ba. Ƙarfe goma suna shan kofi a kan akwatin kayan aiki. Ya lura burodinta kullum ba komai a ciki, sai ya fara zuwa da cuku na mutum biyu. Ya gyara mata birkin keke bai faɗa ba. Ba ta gane ba sai da ta kusa kifawa a bakin gada, washegari ta zage shi, sannan ta zauna kusa da shi fiye da jiya. A sati na uku ta turo masa saƙo:

"Mai Famfo, yau hamsin da huɗu suka ba ni. Ban da wanda zan faɗa wa ya gane sai kai."

Ya amsa: "Uwar Yunwa, ki ci wani abu. Ke ba a tanki kike ba."

Hamsin da huɗun nan shi ne duk maganar. In aka busar da bakteriyar aka auna, kashi nawa cikin ɗari ne roba. Masana'antar ta ƙungiyar manoman dankali ce, kuma sun ba aikin wa'adi: kafin a rufe niƙan dankali a watan Maris a nuna musu sittin, in ba haka ba a kwance tankunan. Geeske ta ɗora wani wa'adin a kan wannan da bakinta. Ita kaɗai ce 'yar Eltjo Boelens, gonarsu kuma ba magaji. Ta yi wa uban alkawari in aikin ya rufe za ta dawo gida ta karɓi gona. Kowa ya san abin da ke biye da haka. Gonar Roelof Tammenga ce ke jikin tasu, Roelof bai yi aure ba, kuma Eltjo ya daɗe yana kallon gonakin biyu kamar guda.

Ta kai Tjarko gida ranar zagayowar haihuwar mahaifiyarta, Aaltje. Ta ƙofar baya suka shiga, ta rumbun dankali, kamar kowa. Ƙofar gaba a irin gidajen nan amarya ake buɗe wa ko gawa, tasu kuma rabonta da buɗuwa tun rasuwar kakan Geeske.

Baƙi na zaune a da'ira a falo. Tjarko ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana miƙa hannu yana taya murna. Aaltje ta zuba masa kofi, ta miƙa gwangwanin biskit, ya ɗauki ɗaya, ta rufe. Roelof na gefen taga, dogo, mai ladabi, ya matsa masa ya zauna.

"Huizing," in ji Eltjo. "Na wane gida?"

"Jikan Jurrien ne ni, Maigida."

Jurrien Huizing ya shekara talatin da ɗaya yana ƙwadago a gonar nan, bai taɓa zama a falon ba. A rumbun dankali yake cin abincinsa. Eltjo ya juya ya tambayi Roelof ko ya gama gyaran injin haƙa, kuma bai ƙara duban Tjarko ba har suka tashi. Da Geeske ta shiga yi wa uban sallama ya ce mata bai yi wahalar karatunta don ta kawo masa jikan lebura falo ba. Ta ce, "Baba, sai Maris," ta fito.

A hanya suna tuƙa keke iska na tura su baya. Tjarko ya ce in ta ga abin zai yi mata nauyi ta faɗa masa tun yanzu.

"Ka yi shiru ka tuƙa," ta ce. "Shida ta kusa."

Tsakiyar Oktoba Eltjo ya zame daga kan injin haƙar dankali ya karye a ƙugu. Rabin dankalin na ƙasa ba a haƙa ba, ruwan sama na tafe. Geeske ta rubuta wa Tjarko dokokin tankin a takarda ɗaya, ta manna a bango, ta tafi haƙa. Sati uku ta ce.

Kwana huɗun farko bai kauce wa takardar ba. A ɗakin cin abinci tsofaffin abokan aikinsa suka tasa shi gaba. Wani ya ce ya wuce ta gonar Boelens ya ga taraktar Roelof tun da sassafe. Wani ya ce ai taraktar ta san hanya da kanta, ba sai an tuƙa ta ba. "Kai kuma an bar ka da renon yara, angon tanki." Ya yi dariya tare da su, ya koma rumfa.

Rana ta biyar da tsakar rana ya hau tsani ya leƙa. Ruwan ya yi masa fari, ya tsinke. Shekara tara idonsa ya saba da cewa irin wannan ruwan alamar mutuwa ce. Ya tsaya yana tunanin ta dawo a gajiye, da taɓo har gwiwa, ta tarar da tankin ya lalace a hannunsa, alhali Roelof ya haƙe mata gona tas. Ya buɗe famfo ya ƙara musu rabin lita. Ya je tsohon sashensa ya ɗebo ɗan naitirojin ya zuba.

Washegari ruwan ya fi kauri. Ya ƙara. Haka ya yi ta yi sati biyu, yana rubutawa a ƙaramin littafin aljihunsa.

Ta turo: "Mai Famfo, ya yarana? Bayana kamar zai balle. Roelof na ƙoƙari amma hirarsa duk ta tayar tarakta ce."

Ya amsa: "Lafiya lau suke, Uwar Yunwa. Za ki sha mamaki."

Ta dawo ranar Litinin da safe. Ta hau tsani, ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Tankin ya yi kauri kamar kunu. Ta ɗebi ɗigo ta sa a madubin ƙara girma, sannan ta matsa ta ce ya duba. Da can in ya duba yakan ga ƙwayoyi a kumbure, da fararen ɗigo-ɗigo a cikinsu. Yanzu sun cika ko'ina, sirara, ba komai a ciki, ga wasu dogaye kamar zare sun nannaɗe sauran. Da abinci ya yawaita, masu saurin haihuwa sun danne masu ɓoyewa. Da yamma awo ya fito. Takwas.

Ya faɗa mata abin da ya yi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Doka ɗaya na ba ka."

"Na sani."

"Ka san abin da zai faru in aikin nan ya rufe. Tun ranar da Baba ya wulaƙanta ka kake neman hanyar fita. In so kake in koma gida in auri Roelof, ai da baki ake faɗa, ba sai ka kashe mini shekara biyu ba."

Ta ɗauki jakarta.

Akwai 'yar kwalbar bakteriya da ta daskarar tun Agusta, ba ta kai cikin kofi ba. Da ita suka sake farawa, bayan sun zubar da tankin sun wanke. Aiki kawai ke haɗa su. Ta daina zama a kan akwatin, ta koma shan kofinta a tsaye a bakin ƙofa. Ya ci gaba da kawo cuku na mutum biyu yana komawa da rabi.

Wata Lahadi da rana ya tuƙa keke kilomita sha huɗu zuwa gonar Boelens, shi kaɗai. Aaltje ta shigar da shi ta baya. Eltjo na kan kujera a kicin, sandunansa biyu jingine da tebur. Tjarko bai zauna ba. Ya ce tankin ya lalace, kuma shi ya lalata, ba Geeske ba. Ya ce in Maris ta zo aikin bai kai ba, yana roƙon kada a ɗaure ta da alkawarin, don ba aikinta ne ya gaza ba. Ko da shi ba za ta aura ba.

Eltjo ya tambaye shi me ya zuba takamaimai.

"Abinci ba a lokacinsa ba. Da naitirojin."

"Taki ke nan."

"Eh, Maigida."

"Suka yi yawa, ciki ba komai."

"Haka ne."

"Me ya kai ka?"

"So na yi ta dawo ta same su da kyau."

Tsohon ya juya yana kallon taga. Sannan ya ce alkawari tsakaninsa ne da 'yarsa, kuma hanya na da nisa, gara ya kama ta da sauran haske. Da Tjarko zai fita, Aaltje ta buɗe gwangwanin biskit ta miƙa masa. Ya ɗauki ɗaya. Ba ta rufe ba, sai da ya ɗauki na biyu.

Hunturun ya yi tsawo. Shida na safe duhu, shida na yamma duhu. Sanyi ya sa injin ɗumama tankin ya kasa riƙe talatin, suka naɗe shi da barguna. Da zafin ya sauka digiri huɗu na kwana biyu, sati guda suka yi suna biyan bashin ci gaba. Dankalin ƙarshen kaka ya canza ruwan wanki, ya ƙara tsami, dole kullum a gwada a daidaita kafin a zuba. Kullum da tsakar rana ruwan kan yi fari, Tjarko kan hau tsani ya leƙa, ya sa hannuwansa a aljihu, ya sauko. Awo ya ba da sha tara a Disamba. Talatin da uku a farkon Janairu.

A cikin Janairun ne ta nemi alƙalami a rigar aikinsa da ke rataye, littafin aljihun ya faɗo. Kowane zubi na Oktoba yana ciki, da rana da awo, da rubutunsa mai kama da na ɗan firamare. A gefen na farko ya rubuta: "Sun rame. Kada ta dawo ta gani." A gefen na tara: "Yau sun yi kyau. Za ta yi murmushi." A na ƙarshe: "Gobe za ta dawo. Zan tambaye ta."

Da yamma yana hanyar gida wayarsa ta yi ƙara.

"Na karanta littafinka. Wawa ne kai, Mai Famfo. Ban taɓa ganin wawa irinka ba. Gobe ka zo da cukun nan. Tambayar kuma ka riƙe ta sai Maris."

Ya tsaya a gefen hanya ya karanta sau uku. Ya rubuta: "To, Uwar Yunwa."

Awon ƙarshe ya fito ranar sha biyu ga Maris. Hamsin da bakwai. Geeske ta sake aunawa, ya sake ba ta hamsin da bakwai. Ta zauna a kan akwatin kayan aiki ta jingina kai da kafaɗarsa. Ta ce ta gaji, ko kuka ba za ta iya ba.

An yi taron ƙungiya ranar Alhamis da rana a zauren ƙauye. Manoma wajen tamanin, kowa da kofinsa. Geeske ta yi bayani cikin minti goma, ba ta ambaci sunan kowa ba, ta ce an samu kuskure a Oktoba. Shugaban taro ya ce sharaɗi sittin ne. Roelof ya miƙe ya ce yana girmama aikin, amma abin da aka rubuta shi aka rubuta. Mutane suka gyaɗa kai. Gaskiya ya faɗa.

Ana shirin ɗaga hannu Eltjo Boelens ya dafa sanda ya tashi. Sai da aka jira shi.

Ya ce shekarar da ya karɓi gona daga hannun ubansa yana da ashirin da huɗu, so yake ya nuna wa tsohon shi ma ya isa. Ya ninka takin dankali. Leburansu Jurrien Huizing ya ce masa a gaban mutane ganye zai noma ba dankali ba. Shi kuwa ya sa aka sallami Jurrien kafin kaka. Shekarar nan ganye ya kai ƙugu, kowa ya wuce sai ya yaba, da aka haƙa kuwa duk ruwa ne, sitacin bai taka kara ya karya ba. Wasu a zauren sun tuna. Ya ce har Jurrien ya mutu bai je ya ce masa komai ba.

"Jikansa ya yi irin wautata sak," ya ce. "Bambancin, shi ya tako har kicin ɗina ya faɗa. Daga takwas suka tayar da abin nan zuwa hamsin da bakwai cikin wata huɗu. Ni shekara uku na yi kafin gonar ta dawo daidai. A ba su kaka ɗaya." Ya zauna. "Alkawarin da ke tsakanina da 'yata kuma ba na taron nan ba ne, amma na sauke mata."

Aka ɗaga hannu. Sun fi rabi da kaɗan. Roelof ya duba hagu da dama, shi ma ya ɗaga nasa a ƙarshe. Daga baya shi ya karɓi hayar gonar Boelens, kuma masu lura sun ce bai yi kama da wanda ya yi rashi ba.

A wajen zauren, wurin ajiye kekuna, Geeske ta ce Maris ta yi, ina tambayar. Tjarko ya tambaya. Ta ce eh, sannan ta ce biyar da kwata, su hanzarta.

An sa bikin a watan Yuni, ƙarfe sha ɗaya na safe, don ya faɗa tsakanin ciyarwa biyu. Ana saura kwana biyu aka tarar ƙofar gaba ta ƙi buɗuwa. Fenti na shekara da shekaru ya like ta, katakon ya kumbura. Eltjo ya aika a kira Tjarko. Suka wuni a kanta, ɗaya na riƙe da sanda yana ba da umarni, ɗaya na kankara. Da ta buɗe, iska ta shigo falon har labule ya tashi. Eltjo ya tura ta ya ja ta sau biyu.

"Ba laifi," ya ce. "Ka daina ce mini Maigida. Ba aiki kake mini ba."

Ranar bikin Tjarko ya shigo ta ƙofar, Huizing na farko da ya taka dokinta, ya fito da Geeske ta nan. Aaltje ta riƙe hannuwansu biyu ta ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su haƙuri da juna, kuma ta ce wa Tjarko kada ya bar 'yarta da yunwa don ita ba a tanki take ba. Geeske ta harari mijinta. Ya ce shi bai faɗa wa kowa ba. Eltjo ya ce amin, ya nemi kujera.

Biyar da rabi baƙi na cikin cin kek aka nemi ango da amarya aka rasa. Suna kan hanyar masana'anta, ita ta tattare farar rigarta ta ɗaure a ƙugu, iska na tura su baya kamar kullum. Shida daidai ta hau tsani, shi ya buɗe famfo. Awa ɗaya ta cika, ta dube shi. Ya rufe.

Allah ya bar su tare, ya sa albarka a gidan da a tankin.